Yadda Na Ajiye Rigar Lauya Na Koma Aikin Jarida da Kare Haƙƙin Masu Sayayya

Shekarun da na yi ina aikin lauya a Kano sun nuna mini cewa akwai wani nau'in zalunci da hannun kotu ba ya kaiwa gare shi, wato zaluncin da kuɗinsa bai kai kuɗin shigar da ƙara ba. Mutum zai shigo ofishinmu da takardar banki mai nuna an cire masa naira 20,000 a na'urar ATM da ba ta ba shi ko kwabo ba, ko tela ya zo da kukan cewa janaretan da ya saya ya mutu kafin mako ya zagayo, mai shago kuma ya nuna masa rubutun da ke ƙasan rasit cewa kayan da aka saya ba a mayarwa. Dukkansu suna da gaskiya, doka ma tana bayansu, amma idan na zauna na lissafa musu kuɗin rajistar ƙara da na kai sammaci da na mota duk ranar da aka ɗage zama, ga kuma ladan lauya ko da an yi rangwame, sai mu tarar abin da za a kashe ya ninka abin da aka rasa. Amsar da nake ji kusan kullum ita ce: "Barista, a bar maganar, na bar su da Allah."

Na yi karatun shari'a a Jami'ar Bayero, daga nan na wuce Makarantar Horas da Lauyoyi reshen Bagauda. Duk wanda ya bi wannan hanya ya san shari'ar nan ta 1932 daga Sikotlan, inda wata mata ta sha lemon kwalba aka ce an sami ruɓaɓɓen dodon koɗi a ciki, kotun ƙoli ta Birtaniya a wancan zamani kuma ta kafa ƙa'idar cewa wanda ya sarrafa kaya yana da nauyin kula da lafiyar wanda zai yi amfani da su, ko da babu ciniki kai tsaye a tsakaninsu. Mun haddace ta, mun rubuta jarrabawa a kanta. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne takwararta ta gida, shari'ar Okwejiminor, wanda ya sami kyankyaso a kwalbar lemo a 1991, bai kuwa sami hukuncin ƙarshe daga Kotun Ƙoli ba sai a 2008. Ya yi nasara, amma bayan shekara 17, kuma babu mai hankalin da zai ba tela ko ɗan adaidaita sahu shawarar ya bi wannan sahu.

Abubuwa biyu da suka shafi Kano ne suka karkato da tunanina zuwa ga aikin jarida. Na farko shi ne batun maganin Trovan. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin magani a kan yara kusan 200 a Asibitin Zana, 11 daga cikinsu suka rasu, wasu suka nakasa. Maganar ba ta girgiza duniya ba sai a Disambar 2000, da jaridar Washington Post ta buga bincikenta. Bayan nan ne ƙararraki suka biyo, a Amurka da kuma nan gida, har aka kai ga sulhun dala miliyan 75 da Gwamnatin Kano a 2009, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba, aka kuma fara biyan iyalai a 2011. Lauyoyi sun yi aikinsu, babu mai musun haka, amma sai da 'yan jarida suka fito da maganar fili tukuna. Na biyu shi ne binciken da BBC ta yi a 2018 kan maganin tari mai sinadarin kodin, wanda Gwamnatin Tarayya ta haramta sarrafa shi da shigo da shi kafin mako ya cika da fitowar rahoton. Iyaye da likitoci da malamai sun daɗe suna kuka a kan abin da kodin ke yi wa matasanmu, maza da mata, sai ga rahoto guda mai hujja ya yi abin da koke-koken shekaru ba su yi ba.

A farkon 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu a kan dokar gasar kasuwanci da kare haƙƙin masu sayayya, wadda ta shafe tsohuwar dokar 1992, ta kuma kafa hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta FCCPC da kotun musamman ta wannan fanni. Na karanta ta tun daga farko har ƙarshe, na ga ta ba mai saye haƙƙin a yi masa bayani da harshen da zai fahimta, da haƙƙin sanin farashi a fili, da haƙƙin mayar da kayan da aka same su da aibi a gyara ko a musanya ko a dawo masa da kuɗinsa, ta kuma hana ɗan kasuwa ya fake da wani sharaɗi na rashin adalci da ya rubuta shi kaɗai. Ma'anar wannan ita ce rubutun nan na ƙasan rasit ba ya iya danne haƙƙin wanda aka sayar wa lalataccen kaya. Amma dokar da Turanci take, a cikin kundin da ba ya fita daga ofisoshin lauyoyi, alhali waɗanda aka yi ta dominsu suna Kantin Kwari da Singa da Sabon Gari da kasuwar waya ta Farm Centre. A lokacin ne wani gidan rediyo mai zaman kansa ya fara gayyata ta a matsayin baƙo a shirinsa na shari'a, na kuwa lura cewa duk ranar da muka taɓo batun banki ko wutar lantarki ko jabun kaya, layukan waya ba sa hutawa har a rufe shirin.

Yanke shawarar barin aikin bai yi mini wuya kamar bin ƙa'idar barinsa ba. Dokokin ɗa'ar aikin lauya sun hana mutum ya haɗa lauyanci da wata sana'a a lokaci guda sai da izinin majalisar da ke kula da lauyoyi, ni kuma ban so in riƙa tsayawa gaban alƙali da safe ina kare kamfani, da yamma in zauna a situdiyo ina sauraron ƙorafi a kan irinsa ba. Don haka na zaɓi in daina tsayawa a kotu gaba ɗaya. Sunana yana nan a rajistar lauyoyi ta Kotun Ƙoli, domin barin aiki ba ya goge shi, amma rigar da hular na ajiye su. Na bi fayilolin da ke hannuna ɗaya bayan ɗaya, na rubuta bayanin inda kowace shari'a ta tsaya da ranar zamanta na gaba, na kira masu su na sanar da su, wanda ya yarda ya ci gaba da ofishin aka haɗa shi da wani abokin aiki, wanda ya fi son wani lauya na waje aka miƙa masa takardunsa cikakku. Wannan ya ci watanni, domin akwai shari'o'in gado da na filaye da ba a miƙa su a tsaitsaye.

Maigidana a ofis, dattijon da ya rene ni a aikin, bai hana ni ba, amma ya ja mini kunne a kan abu guda. Ya ce: "Duk abin da ka gani a fayil ɗin wanda muka taɓa karewa amana ce, kuma amanar ba ta ƙarewa don ka canza ofis." Na ce: "Ranka ya daɗe, na ɗauki alkawari." Ofishinmu ya yi wa wasu bankuna da kamfanoni aiki, na kuma san sirrinsu da yawa, saboda haka na rubuta sunayensu na miƙa wa editana tun ranar da na kama aiki, da sharaɗin duk ƙorafin da ya shafe su wani ne zai bi shi, ba tare da na sa baki ba. Har yau a kan haka nake. A gida kuwa, mahaifina ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya tambaye ni ko aikin zai riƙe iyali. Na ce masa: "Baba, samun zai ragu, amma zai isa." Ya sa mini albarka, ya ƙara da cewa kada in taɓa faɗin abin da ban tabbatar ba a kan mutum, ko da maƙiyina ne.

A ɗakin labarai na koma ɗalibi. Lauya ya saba jera hujjoji daga tushe, yana kafa ɗaya a kan ɗaya har ya iso ga abin da yake roƙon kotu a ƙarshe, ɗan jarida kuwa da ƙarshen yake farawa. Editata, wadda na girme ta da shekaru, takan mayar mini da rubutu ta ce: "Barista, mai sauraronka yana tuƙi ne ko tana girki, gaya masa abin da ya faru a jimlar farko." Na koyi naɗar murya da tace ta a kwamfuta, na koyi matse bayanin shafi biyar ya koma rahoton minti biyu, na kuma shiga karatun difilomar aikin jarida ta masu digiri da yamma, kafin na yi rajista da ƙungiyar 'yan jarida ta NUJ. Waɗannan duk abubuwa ne da hannu ke sabawa da su. Sauyin da ya fi zurfi shi ne rabuwa da ɗabi'ar tsaya wa ɓangare guda. Lauya yana da wanda yake karewa, aikinsa ne ya fito da ƙarfin hujjarsa ya bar wa abokin hamayya ya tono rauninta. Ɗan jarida ba shi da wannan dama. Idan mai ƙorafi ya zo yana hawaye, wajibi ne in tausaya masa, wajibi ne kuma in bincike shi kamar yadda zan binciki wanda yake ƙorafi a kansa, domin a rediyo babu lauyan ɗaya ɓangaren da zai tashi ya yi masa tambayoyi, kuma abin da ya fita ta iska ba a ɗaukaka ƙara a kansa.

A nan ne tarbiyyar lauyanci ta yi mini rana. Na tsara wa shirinmu hanyar karɓar ƙorafi wadda ba ma tsallake mataki ko ɗaya a cikinta. Da farko mai ƙorafi zai kawo shaida, ko rasit, ko saƙon alat na banki, ko bil ɗin wuta, ko hoton kayan da lambar da ke jikinsu. Sannan mu tambaye shi ko ya kai kukansa ga kamfanin a rubuce, domin kusan duk hukumomin da ke sa ido ba sa sauraron wanda bai fara daga can ba. Idan bai yi ba, mu taya shi rubutawa, ya kai, a buga masa hatimin karɓa a kwafinsa. Babban Bankin Najeriya, wanda ke da sashen kare haƙƙin abokan hulɗar bankuna, ya ba banki mako biyu ya warware ƙorafi kafin a wuce da shi gaba, kuma tun watan Yunin 2020 ya ƙayyade cewa kuɗin da ATM ɗin bankin mutum ya riƙe a dawo da su nan take, na wani banki daban cikin awa 48, na POS kuma cikin awa 72. A harkar wuta, matakin farko shi ne sashen ƙorafi na kamfanin rarrabawa, sai zauren sasanci na hukumar kula da wutar lantarki ta NERC, sai ita hukumar kanta, wadda a Fabrairun 2020 ta sa iyaka ga bil ɗin kintace da ake kai wa marasa mita. A harkar waya akwai lambar 622 ta hukumar sadarwa ta NCC da ake kira kyauta, da 2442 ta tsayar da saƙonnin talla. Idan kuma maganar bashi ce ko diyyar da aka san adadinta, mukan nuna wa mutum kotun ƙananan ƙararraki da Kano ta buɗe a 2019, inda zai iya tsayawa da kansa ba tare da lauya ba, aka kuma tsara a gama shari'a cikin kwana 60.

Ba ma ambaton sunan kowa a rediyo sai mun rubuta masa, mun gaya masa abin da ake zarginsa da shi dalla-dalla, mun ba shi lokacin amsawa. Abin da na gani shi ne mafi yawan ƙorafe-ƙorafe a wannan mataki suke mutuwa, domin manajan da ya yi wata uku yana ce wa talaka ya dawo gobe yakan nemo mafita da zarar ya ga takardar gidan rediyo mai ɗauke da lambar ƙa'idar da aka karya. Wasu abokan aiki suna ganin wannan asarar labari ce. Ni a wurina, idan an mayar wa mutum haƙƙinsa, buƙata ta biya, sai mu ɗauki darasin mu yi shiri a kansa ba tare da suna ba, don mutum dubu da ke cikin irin halin su san ƙofar da za su ƙwanƙwasa.

Babu batun da ya taɓa ni kamar na masu ba da bashi ta manhajar waya. Wata malamar firamare ta zo mana da rakiyar yayanta, ta ci bashin da bai taka kara ya karya ba don biyan kuɗin asibiti, ta makara da 'yan kwanaki, sai kamfanin ya kwashi lambobin da ke wayarta ya aika wa kowa saƙo da hotonta cewa ɓarauniya ce ana nemanta. Saƙon ya isa ga surukanta da shugaban makarantarsu da iyayen ɗalibanta. Wanda bai san matsayin mutunci da kunya a wurin matar aure a ƙasar Hausa ba, ba zai gane girman wannan ɓarna ba. Ta riga ta biya kuɗin har da ruwan da ya kusa kai uwar bashin, abin da take nema kawai shi ne a wanke sunanta. A matsayina na lauya na san ƙarar ɓata suna ce tsantsa, amma kamfanin ba shi da adireshin da za a kai wa sammaci. Abin da muka iya yi shi ne muka tattara irin waɗannan saƙonni daga masu sauraro, muka ɓoye sunayensu, muka miƙa wa hukuma a rubuce, muka kuma yi jerin shirye-shirye muna bayyana wa jama'a cewa wanda suka ga an aiko da hotonsa wanda aka zalunta ne, kada su ɗauke shi mai laifi, tare da nuna musu yadda ake hana manhaja shiga lambobi da hotuna. Kukan ya taso daga ko'ina a ƙasar, ba daga wurinmu kaɗai ba. A Maris ɗin 2022 FCCPC ta kai samame ofisoshin wasu daga cikin waɗannan kamfanoni a Legas, a watan Agusta ta fitar da tsarin rajistarsu, a 2023 kuma aka sami dokar kare bayanan sirrin jama'a. Abin ya ragu, bai ƙare ba.

Aikin yana da haɗarinsa. A Arewa ɓata suna laifi ne a ƙarƙashin sashe na 391 da 392 na kundin hukunta laifuffuka na Penal Code, ban da ƙarar neman diyya, ga kuma sashe na 24 na dokar laifuffukan intanet ta 2015, wanda aka sha amfani da shi wajen kama 'yan jarida kafin a yi masa gyara a 2024. A Satumbar 2023 an kama wata mata a Legas saboda ta rubuta a Facebook cewa wani tumatirin gwangwani ya cika zaƙi, lamarin da ya nuna cewa ko mai saye na yau da kullum bai tsira ba. Takardun gargaɗi daga lauyoyi suna zuwa mana, masu neman mu janye rahoto mu biya miliyoyi cikin mako guda. Na san yadda ake rubuta su, na kuma san wadda ke da tushe da wadda barazana ce kawai, don haka nake duba kowane rahoto kafin ya fita da tambaya guda: idan aka kira mu gaban alƙali gobe, wace takarda za mu ajiye a kan kowace jimla? Jimlar da ba ta da takarda ko muryar da aka naɗa, cire ta ake yi, komai daɗinta a kunne.

Matsalar da ban taɓa sanin nauyinta ba sai da na shigo ita ce ta kuɗi. Gidan rediyo mai zaman kansa da talla yake rayuwa, masu manyan tallace-tallace kuwa su ne bankuna da kamfanonin waya da na abinci, wato waɗanda ake yawan ƙorafi a kansu. Ga kuma al'adar ambulan da ake miƙa wa 'yan jarida bayan taro da sunan kuɗin mota, wadda ƙarancin albashi ya sa ta zama ruwan dare. Don kada shirin ya dogara da yardar mai talla, ni da wasu abokai, cikinsu har da mai harhaɗa magunguna da tsohon ma'aikacin banki da injiniyan lantarki, muka yi wa ƙungiya rajista a Hukumar Rajistar Kamfanoni a matsayin amintattu, ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020. Ƙungiyar ce ke sayen lokacin shirin daga gudummawar mambobi, tsarin mulkinta kuma ya haramta karɓar ko sisi daga kamfanin da muke iya bincika, ko daga mai ƙorafi. Samuna bai kai na da ba, kuma akwai watannin da biyan kuɗin lokacin ke yi mana wuya.

Ina so in faɗi wani abu game da 'yan kasuwarmu, domin wasu sun ɗauka yaƙi muke yi da su. Mai shagon da ya sayar da jabun caja shi ma sau da yawa dila ne ya cuce shi, kuma shi ma yana biyan bil ɗin wutar da bai sha ba. Na kuma gane cewa a cikin kasuwa, ambaton sashen doka ba ya ratsa zuciya kamar tuna wa mutum hadisin da Muslim ya ruwaito, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tarin abinci ya ji danshi a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Fiƙihun Malikiyya da muka tashi a kansa ya daɗe da ba mai saye zaɓin mayar da kaya idan ya gano aibin da aka ɓoye masa. Saboda haka idan rigimar ta cikin kasuwa ce, wurin shugabannin kasuwar muke fara zuwa, kuma sau da yawa a zama ɗaya ake musanya kayan a yi musabaha, abin da a kotu sai ya ci shekara.

Inda har yanzu ƙarfinmu bai kai ba shi ne karkara. Manomin da ya sayi taki a kasuwar ƙauye ba a ba shi rasit, ba ya kuma gane an gauraya masa da yashi ko an rage masa sinadari sai damina ta yi nisa, masara ta ƙi tashi, a lokacin kuwa buhun ya zama shimfiɗar shanya, mai sayarwar ma ya ɗaga rumfarsa. Akwai dokar kula da ingancin taki ta 2019 wadda ta tanadi hukunci a kan haka, amma doka ba ta aiki sai da shaida. Abin da muka sa a gaba yanzu shi ne shirye-shiryen da muke yi kafin faɗuwar damina, inda muke roƙon manoma su saya a wurin dilan da aka san shagonsa, su nemi ya rubuta musu ko da a ƙyallen takarda ne da kwanan wata da lambar wayarsa, su ajiye buhu ɗaya da rubutun jikinsa, su kuma ɗebi gwangwani guda na takin su ƙulle a leda har bayan girbi. Mun fara horar da wasu matasa a ƙananan hukumomin da ke kewaye da Kano yadda za su karɓi irin wannan samfuri su rubuta bayaninsa, mu kuma mu kai shi ɗakin gwaji kafin mu furta sunan kowa.